Gwauruwar da Ta Hana a Kwafa Kafin a Share

Akwai wata gwauruwa a wani gari, mijinta shi ne mai koyar da mawaƙan ikkilisiya. Kafin ya rasu ya rera waƙoƙin yabo da ya tsara da kansa, ya adana su da muryarsa a cikin kwamfuta. Ba su a takarda, ba su a ko'ina sai can. Ranar Lahadi in ta dawo daga sujada sai ta kunna, tana tsintar wake tana jin sa.

Ana nan sai kwamfutar ta yi nauyi. A kunna ta, a dafa shayi, a shanye, ba ta gama buɗewa ba. Matar ta naɗe ta a zani ta kai wa mai gyara, ta gaya masa waƙoƙin maigidanta suna ciki.

Mai gyara ya duba ya ce, "Mama, a cikinta akwai abin da muke kira rajista. Can take duba inda kowane abu yake da yadda zai yi aiki. Tarkace ya taru, shara take so. Amma sai na fara kwafe rajistar da waƙoƙin Baba a filas, ɗan abin nan na adana bayanai, don in tsintsiyata ta taɓa abin da bai kamata ba, mu mayar. Ki dawo jibi."

Matar kuwa ba a taɓa cin ta a ciniki ba, kasuwa duka ta san ta. Ta ce, "Jibi? Malam, shara na kawo, ban kawo kwafi ba. Na san halinku, aikin wuni ɗaya sai ku ja shi mako. Ka share yau ina zaune."

"Mama, ba wayo nake miki ba."

"Na haifi wanda ya girme ka. Share!"

Ya share. Da aka kunna, kwamfuta ta ƙi tashi sam.

Ya ce, "Kada ki tsorata, waƙoƙin suna ciki, hanyar zuwa gare su ce ta ɓaci. Bar mini ita, zan ciro su a hankali."

Amma kunyarta ta riga ta zama fushi. Ta fizge kayanta ta kai wa wani mai gyara a bakin tasha, ta ce, "Ka tashe ta yanzu." Ba ta gaya masa abin da ke ciki ba, domin in ta faɗa sai ta faɗi nata laifin. Shi kuwa ya goge komai, ya zuba wa kwamfutar sabuwar manhaja. Kwamfuta ta tashi da gudu.

Ta ce, "Madalla. To, sa mini waƙar maigidana."

Ya ce, "Wace waƙa, Mama?"

Mawaƙan ikkilisiya sun yi ƙoƙari, suka tuno uku, su ma rabi rabi. Muryar kuwa babu mai ita.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwana mata, ga ta. Kwamfutar nan rayuwarmu ce. Tarkace yana taruwa, kuma shara ba zunubi ba ce, Ubangiji yana son zuciya mai tsabta. Amma mu in mun tashi gyara, ba ma tsayawa mu ga me za a ajiye. Mu yanke zumunci, mu daina gaishe da tsohuwa, mu zubar da abin da ba mu san amfaninsa ba. Mai gyara na fari shi ne wanda Allah yake aiko mana da shawara, mu kuwa mu auna shekarunsa maimakon maganarsa.

Ku lura da kyau, kuskuren fari bai hallaka waƙoƙin ba. Suna nan, Allah ya bar mata ƙofa. Girman kai ne ya ɗauke ta zuwa tasha. Ni ma gwauruwa ce, na san yadda "na yi kuskure" take maƙalewa a wuya. Duk wadda ta ɓata wani abu a makon nan, ta koma wurin wanda ya gargaɗe ta, ta zauna, ta faɗa da bakinta. Ta je yau, tun abin yana ciki.