Goron da Kasuwa Ta Ƙi Tayawa

An ruwaito a wani tsohon kundi cewa a zamanin Sarki Jatau na Birnin Kuka, wani falke mai suna Nomau ya iso daga Gwanja da huhun goro arba'in. Kwana shida yana baje kaya, ya karya farashi har ƙasa, amma ko tayi babu. Goro ya fara yaushi, ga shi iyakar dukiyarsa ke nan.

Sai ya je fada ya faɗi, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, an zalunce ni! 'Yan kasuwarka sun haɗe mini kai."

Sarki ya dubi Waziri Tanimu ya ce, "Me ke hana a sayi goro mai kyau, mai araha?"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in ba da labari. An yi wata tsohuwa mai daddawa, Tabawa, shekara hamsin tana bakin ƙofar kasuwa. Ita ke sasanta dillalai, ita ke girkin sunan 'ya'yan mahauta. Ranar da ta rasu, kowa ya rufe kayansa da tabarma don rakiyar gawa. Sai wani baƙo ya ga kasuwa ta zama tasa. Makara na wucewa, gogan naka yana ta shela: ga fari, ga ja!"

Nan take kunya ta rufe Nomau. Ya ce, "Wallahi ni ne. Ban san ta ba."

Waziri ya ce, "Ba ka san ta ba, amma ai ka ga tabarmi. Gobe sadakar bakwai."

Washegari Nomau ya ɗauki huhun da ya fi kyau, ya kai gidan makoki, ya tuɓe takalmi, ya zauna can ƙarshen tabarma ya yi gaisuwa. Sarkin Kasuwa, da ke cikin masu zaman makoki, ya ɓare goro ɗaya ya tauna, ya ce, "Baƙo, nawa ƙwarya?"

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, yau ban zo ciniki ba."

Dattijon ya yi murmushi. Kashegari kafin azahar babu sauran goro ko ɗaya, kuma a kan farashinsa na farko.

Sarki ya yafa wa Waziri alkyabba. Masu ruwaya suka ce, tun daga ranar, duk garin da Nomau ya sauka, kafin ya kwance kaya sai ya tambaya, "Wa aka haifa, wa ya rasu?"