Zoben da Ba Ya Shiga Wuta

Jama'a, kwanakin nan ba na cikin natsuwa. Ɗana Imrana yana aiki a wata masana'antar ƙira, shi ke auna kayan bugun ƙarfe ya faɗi wanda ya cinye. Mai gidansa ya ce ya kau da kai a kan wani da ya cinye, aiki ya yi yawa. Imrana ya kira ni yana neman shawara. Sai wannan labarin yake ta dawo mini.

Akwai wani maƙeri a Kaura Namoda mai suna Attahiru, maƙwabcinmu ne. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, shi da ƙanensa Faruku ke riƙe da maƙerar mahaifinsu.

Suna da wata sandar ƙarfe mai tsini. A kanta ake naɗe jan ƙarfe ya zama ramin da ƙotar fartanya ke shiga. To zafi yana cin sandar a hankali, ido ba ya gani. Shi ya sa Attahiru yake da zoben ƙarfe a rataye, wanda bai taɓa shiga wuta ba. Duk Juma'a yakan zura shi a sandar. In ya tsaya a kan wani zane da ke jikinta, lafiya. In ya wuce, sanda ta rame.

Gab da damina, Maigarin wani ƙauye kusa da Dauran ya ba su aikin fartanyoyin mutanensa, kamar yadda ya saba tun zamanin mahaifinsu. Aiki ya yi musu yawa har Attahiru ya tsallake awo. Ranar da za a zo ɗauka ya tuna. Ya zura zobe, sai ga shi ya zarce zane.

Faruku ya ce, "Yaya, mayar da shi inda ka ɗauko. Wa ya gani?"

"Rami ya matse, Faruku. Sai sun fere ƙota ta yi siriri kafin ta shiga. Tsakiyar noma za ta karye."

"Mudun hatsi anka ce a gyara a kasuwa. Ban ji mai wa'azi ya ambaci zobenka ba."

Attahiru ya yi murmushi. "Shi ma mudu na. Zo ka kama zugazugi."

Da Maigari ya iso ya ga kayan a tare amma an hana shi, ransa ya ɓaci.

"Attahiru, hadari na bisa kanmu, kai kana nuna min zobe? Aure na zo ɗaurawa?"

"Ranka ya daɗe, a yi min haƙuri zuwa wata kasuwa. Laifina ne da ban auna ba. Amma in na ba ka su haka, na cuce ka."

Maigari ya kaɗa riga ya tafi. A Shinkafi ya saya wa mutanensa. Faruku ya daina yi wa yayansa magana sai gaisuwa. Shi kuwa Attahiru ya ƙera sabuwar sanda, ya bi fartanyoyin nan ɗaya-ɗaya yana buɗe raminsu, alhali ba mai saye.

Ana cikin noman farko sai ga Maigari a bayan babur, da damin karyayyun ƙotoci. Ya zube su a ƙofar maƙera.

"Na Shinkafin ma duk a matse suke, mun fere har mun gaji. Waɗancan na nan?"

"Suna nan, ranka ya daɗe."

Maigari ya ɗauki ɗaya, ya soka sabuwar ƙota, ta zauna daram ba fira. Ya juya ga Faruku ya ce, "Ɗaure min duka. Kai kuma ka koyi abin da yayanka ya sani."

Darasi: Kayan aiki suna cinyewa a ɓoye, kuma wanda ya yarda da kai shi ke kwana a ciki. Ka auna, ka faɗi abin da awo ya nuna, ko da za a yi fushi da kai. Ku tura wa masu sana'ar hannu.

Sai dai Attahiru maƙerar gidansu ce, ba mai korarsa. Nawa yaron a ƙarƙashin wani yake, ga mata da jariri. Iyaye 'yan uwana, in ya sake kira, me zan ce masa?