Kurege Mai Amsa Sunan Kowa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun matso.

A garin Gindin Dutse an yi wani tsohon Damo, shi ke riƙe da gangar noma da ya gada wurin kakansa. Makaɗansa kiɗa ba sana'arsu ba ce, manoma ne masu sha'awa: Zomo mai kalangu, Burgu mai kuge, Kwaɗo mai sarewa. Ranar biki kowa na nan da sabuwar hula. Ranar gwaji kuwa sai Damo shi kaɗai a gindin tsamiya da la'asar, ga idonsa ya mutu, ya yi ta kiran suna ba mai amsawa. Zomo matarsa ta haihu, kullum cikin haihuwa take. Burgu haƙori. Kwaɗo in an yi ruwa ya ce ruwa, in ba a yi ba ya ce rana.

Sarkin Noma ya gaji. Ya ce, "Baba Damo, bara kun kunyata mu. In gayyar bana ta sake lalacewa, makaɗan ƙetaren rafi zan kira, gangarka a rataye ta."

Damo ya koma gida ya kasa cin tuwo. Abin tausayi, wallahi.

Ashe Kurege na laɓe yana ji. Ya bi su gida gida. "Zomo, me zai sa ka wahala? Ba ni ƙoƙon gyaɗa da kalangunka in amsa maka, tsohon ba gani yake ba." Zomo ya ba shi. Burgu ya ba shi. Kwaɗo ya ba shi har da godiya.

La'asar ta yi, Damo ya kira, "Zomo!"

Kurege ya siranta murya. "Na'am, Baba!"

"Burgu!"

Ya kausasa murya. "Na'am, Baba!"

"Kwaɗo!"

Ya kumbura kumatu. "Na'am, Baba! Amma kowa ya yi nasa shi kaɗai, ka fi jin kuskure."

Damo ya ce dabara ta yi. Sati bakwai ana haka. Kalangu ya kuskure, sanda. Kuge ya kuskure, sanda. Sarewa ta kuskure, sanda. Duk a kai ɗaya take sauka, amma gyaɗa da daɗi. Shi kuwa tsoho har hawaye yake yi, yana cewa, "Allah Ya shiryar mini da yarana kafin in mutu."

Ana gobe gayya, Kurege ya tuna furar da ake dama wa makaɗa, ƙwarya uku manya. Kwaɗayi ya kama shi. Ya zaga gidajen su Zomo ya ce musu an ɗaga gayya sai wani sati. Nufinsa ya shanye ya gudu. Da safe kuwa uwargidan Sarkin Noma ta zauna kusa da fura ta rufe da faifai, ta ce, "Sai an yi kiɗa a sha."

Manoma suka jeru da garemani. Damo ya daki ganga, ƙirjinsa cike da alfahari. "Ku ɗauka gaba ɗaya, yarana!"

Kurege ya cusa sarewa a baki, ya matse kalangu a hammata, ya ɗaura kuge a wutsiya. Abin da ya fito, kamar akuya ta faɗa cikin tukwane. Kunyar noma ta karkace, manoma suka tsaya.

Sarkin Noma ya ce, "Baba Damo, ina makaɗanka?"

"Ga su nan bayana."

"Kurege ne kaɗai a bayanka."

Damo ya miƙa hannu ya laluba. Kai ɗaya, duk ƙullutun sanda. Sai ya tambayi Kurege.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko, Baba."

Manoma suka ɗaga ƙotoci. Kurege ya yi tsalle ya ce, "Ku dakata! Wa ya zo gwaji sati bakwai ba fashi? Ni! Wa ya sha sanda? Ni! Za ku daki wanda ya zo, ku bar waɗanda ke gida suna barci?"

Suka kalli juna, suka sauke. Sarkin Noma ya aika ƙetaren rafi, fura ta jira baƙi.

Damo ya cire ganga daga kafaɗarsa. Ya ce, "Kada a rataye ta. Gaskiya ɓarawon nan ya faɗa, shekara arba'in ban taɓa samun mai zuwa kamarsa ba." Ya rataya wa Kurege a wuya. "Gwaji kowace la'asar, ɗana. Kai za ka riƙa kiran su." Ya juya ya lalubi hanyar raminsa, ba a ƙara jin muryarsa ba.

La'asar ta yi, Kurege ya zauna gindin tsamiya. "Zomo!" Shiru. "Burgu!" Shiru. "Kwaɗo!" Shi ko mai yi masa ƙarya bai samu ba. Shi ya sa har yau za ku ga kurege ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu yana leƙen hanya. Dubawa yake ko wani zai zo.

Ƙurunƙus, na ajiye ta a gindin tsamiya. Ku dai yara, in za ku cuci tsoho, kada ku riƙa zuwa a kan lokaci.