Kurege Sarkin Ƙoramar Kanya

Ga wata nan tafe, ku gyara zama!

Wata shekara rani ya yi tsawo, Kurege ya rame har ba abin da ya rage a jikinsa sai jela. Garin neman abin taɓawa ya hau wani tudu da ke tsakanin duwatsu biyu, sai ya ga abin mamaki. Ashe Ƙoramar Kanya, wadda namun dawa ke sha, daga wani ɗan idon ruwa take fitowa, faɗinsa bai wuce na faifai ba. In ka toshe gabas da curin laka, ruwan ya gangara yamma ta wani busasshen kwari. In ka toshe yamma, ya koma gabas.

Kurege ya yi tsalle ya dire, ya ce, "Yunwa, sai wata rana!" Nan take ya toshe gabas.

Da gari ya waye ya liƙa gemun gansakuka, ya kifa ƙoƙo a ka, ya gangara gabas. Ya tarar da Ɓauna tana lasar yashi a mashayarta.

Ya daka mata tsawa. "Ke Ɓauna! Ni ne Sarkin Rafi, jikan Damina, in na ce wa ruwa tsaya, sai ya tsaya! Shekara nawa kina sha, kin taɓa kawo gaisuwa?"

Ɓauna, ga ƙaton kai amma ba komai a ciki, ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, tuba nake." Ta kawo kwandon gyaɗa. Kurege ya koma tudu ya mai da curin laka yamma, ruwa ya dawo mata.

Da gari ya waye ya nufi yamma. Can Gadu, mugun dawa, yana zaune cikin busasshen taɓo yana kuka, don jiya ya yi birgima a ruwa a ƙofar raminsa, yau babu.

Kurege ya shafa gemu ya ce, "Na jiya ɗanɗano na ba ka. Ina gaisuwata?"

Gadu ya tono masa doya har da rogo.

Haka aka yi ta yi, yau gabas, gobe yamma, har Kurege ya yi tumbi, da ƙyar yake hawa tudu. Sai kwaɗayi ya raɗa masa: me zai hana a toshe duka biyu, gaisuwa ta ninku? Ya toshe, ya hau kan datsin ya miƙe ƙafa yana ɓare gyaɗa.

To, gwanin bai taɓa bin ƙoramar zuwa ƙarshenta ba. Ƙishi ya kori Ɓauna ta bi yashi ta yi ƙasa, Gadu ma ya bi kwarinsa. Ashe hanyoyin biyu zagaye tudu suke yi su haɗu a bakin Gulbi. Nan suka yi kiciɓis, kowa ya ba da labarin Sarkinsa mai koren gemu. Suka kalli juna, suka gane an yi musu wayo.

Suna cikin haka hadarin farko ya taso, ruwa ya kece. Duk abin da ya zuba a kan duwatsun nan biyu ya gangaro ya taru a bayan datsin Kurege.

Kurege ya ɗaga hannu ya ce, "Kai ruwa, tsaya!"

Ruwa bai san shi ba. Datsi ya fashe, ƙorama ta kwashi Sarki, ta buga shi da dutse, ta ja shi ta cikin sarƙaƙiya, ta ratsa fadama da shi, ta tofar da shi a mahaɗa, gaban Ɓauna da Gadu, ba gemu ba ƙoƙo.

Gadu ya ce, "Ranka ya daɗe, ina gemun?"

Kurege ya furzar da ruwa har da gyaɗa, ya ce, "Rangadi na fito, gemun yana tafe a baya."

Ɓauna ta ga gyaɗarta. Ta sa ƙaho ta cilla shi sama, Gadu ya tare shi da haure ya mayar. A karo na uku ya faɗa cikin ciyawa, ya ranta a na kare yana ɗingishi.

Sai da ya kai kan suri ya waiwayo, ya ɗaga jela, ya ce, "Duk girmanku, wa ya taɓa bin ƙorama daga kai har gindi ba kwalekwale? Kuma gobe da safe a kawo gaisuwa, ni na kira ruwan saman nan!"

Ƙurunƙus, kan kurege mai ƙululu.