Robobin da Ƙuda Ya Ƙi

Akwai wata mai gidan abinci da ma'aikatanta ke kira Ba-Asara, a bayan idonta dai. Mace ce da ko tsinken sakace ya faɗi ƙasa sai ta sa an ɗauka an goge.

Da hutun ƙarshen shekara ya wuce, ta shiga sito ita da tsohuwar da ke yi mata wanke-wanke, don su duba abin da ya rage na kayan ƙunshe abinci. Baƙi sun yi musu ƙarƙaf. Leda saura ɗauri biyu, cokulan roba babu, robobin zuba abinci masu murfi kuwa ba su kai ashirin ba.

Maimakon ta aika a sayo sababbi, sai ta kira wani mai tsince-tsince a bola. Ya kawo mata buhu guda na robobin da aka yi amfani da su, guda ɗari biyu cif.

"Baba, wanke min su tas, ki jera," in ji ta.

Tsohuwa ta wanke sau uku da ruwan zafi. Duk da haka wasu na tashin wani wari mai zaƙi-zaƙi, mai hawa kai. Ba ta isa ta yi wa uwar ɗakinta gardama ba, sai ta ɗauki wuƙa ta yi wa kowace ɗan zane a gindi, don ta riƙa bambanta su da sababbi.

Da safe suka buɗe sito, suka ji tsit. Ɗakin da ɓeraye ke tsere a kan kwalaye kullum, yau ko motsi babu. Uku na kwance a gefen robobin, ƙafafu sama.

Ƙudaje na ta yawo a kan tukwane da tsumma, har da goshin Ba-Asara. Amma ko ɗaya bai sauka a kan robobin nan ba.

"Uwar ɗakina, ki duba fa," in ji tsohuwa. "Ƙuda ma ya ƙi su. Ba mu san abin da aka dama a cikinsu ba."

Ba-Asara ta kwashe da dariya. "Ai wankinki ne ya yi kyau. Yau kuma ƙuda ne malaminki? A zuba wa mutane abinci, ba cikina za shi ba."

Kwana huɗu ana zubawa, har buhun ya ƙare.

Rana ta biyar da azahar, surukinta ya kira ta a waya yana kuka. 'Yarta tilo, mai cikin wata bakwai, ta faɗi tana kumfa. Jiya ta biyo ta gidan abincin ba ta sami uwar ba, sai ma'aikata suka zuba mata ta tafi da shi gida.

A asibiti likita ya ce maganin ɓera ne, kuma ita ce ta huɗu da aka kawo da irin wannan. Mijin ya zo da robar da ta ci abincin a ciki, a leda, don a gwada.

Ba-Asara ta karɓa. Ta kife ta. Ga zanen wuƙar tsohuwa nan a gindi.

'Yar ta farfaɗo bayan kwana uku, amma cikin bai tsaya ba. Uwar na zaune bakin gado, ba ta iya ɗaga ido. Abu ɗaya take ta maimaitawa a hankali: "Saura ɗari da casa'in da tara a gidajen mutane."

Darasi: Abin da ba za ka yarda ya shiga cikin ɗanka ba, kada ka zuba wa ɗan wani, domin ba ka san hannun da zai ɗauka ba. Ku tura wa duk mai sayar da abinci da kuka sani, wataƙila ku ceci rai.