Takardar da Munji Ya Yaga

Yayana Munji direba ne da babu kamarsa a ƙauyenmu, wannan ko mai ƙinsa ba zai musa ba. Shekara ashirin da biyu yana jan a-kori-kurar da mahaifinmu ya bari, daga gonakin zaitun zuwa birnin Safakis, bai taɓa buge ko kaza ba. Amma yana da wani hali da ya ishi kowa a gidanmu: ya raina takarda. Yana ɗan shekara goma aka cire shi daga makaranta ya bi Baba gona, don haka karatunsa sai a hankali, da lalube. Kunyar kada a gan shi yana laluben nan ita ce ta rikiɗe ta zama girman kai. Da ka miƙa masa takarda sai ya ture hannunka ya ce, "Takarda ce ke tuƙa mota? Ni duk hanyar nan an san ni." Ni ce ƙanwarsa, Shadliyya. Ina koyarwa a firamaren ƙauyen, kuma duk wata takardar gidanmu ta hannuna take bi.

Shekarar da abin ya faru zaitun ya yi 'ya'ya har rassa suna taɓa ƙasa. Bishiyoyinmu shekara ɗaya suke bayarwa su huta shekara ɗaya, saboda haka man da za mu matsa shi ne cinmu da sayarwarmu har shekara biyu. Kwana uku muka yi muna tsinka, mu da maƙwabta, mahaifiyarmu Ummi tana zaune kan shimfiɗa tana tsince ganye. Buhu talatin muka ɗinke. Si Ammar, wato Malam Ammar, mai gidan matsar man zaitun, ya ba mu layi ranar Alhamis ƙarfe biyu na rana. A wannan lokaci na shekara wanda layinsa ya wuce sai ya koma baya, zaitun kuwa ba ya jira. In ya daɗe a buhu sai ya ɗau zafi, mai ya fito da tsami.

Mako guda kafin nan na je birni na sabunta inshorar motar, na kawo masa sabuwar takardar har hannu.

Na ce, "Yaya, ka sa ta a mota yanzu-yanzu, tsohuwar ta ƙare. Tayar bayan nan ma ta suɗe, har zare ya fara leƙowa."

Ya ce, "To malama, na ji. A yi mini afuwa, kada a sa ni tsallen kwaɗo."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ashe kan firji ya ɗora ta ya fice abinsa.

Ranar Alhamis da hantsi muka ɗaure lodi, muka rufe da tamfol, na shiga gaba muka kama hanya. Wajen ƙarfe sha ɗaya, a shataletalen da ke bakin birni, wani ɗan sanda ya ɗaga mana hannu. Saurayi ne, gashin bakinsa ma bai gama tsirowa ba. Ya gaishe mu, ya karɓi takardu, ya zagaya motar. Ya sa Munji ya taka birki, ya durƙusa ya shafa tayar baya, sannan ya dawo bakin taga.

"Kawu, abu uku ne. Fitilar birkinka ta hagu ba ta kamawa. Tayar baya ta suɗe. Inshorarka kuma ta ƙare kwana takwas ke nan."

Na juya na dubi Munji. "Ina sabuwar?"

Ya ƙura wa sitiyari ido. "Tana gida."

Kai jama'a! Na ji kamar in shaƙe shi, amma na danne. Na gaya wa ɗan sandan cewa an sabunta, ni da kaina na je. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "To ga yadda za a yi. Da wannan tayar da wannan lodin ba zan bari ku shiga birni ba. Ku gangara gefe ku sa safaya, ga mai faci can, har ƙwan fitila yana sayarwa. Inshora kuwa, in da gaske ne, wani ya je ya kawo. Zan rubuta abin da na gani, in riƙe katin motar, in ba ku takardar shaida. A ƙasanta akwai wurin da direba zai rubuta abin da bai yarda da shi ba. Kawu, ka karanta kafin ka sa hannu, haƙƙinka ne."

Nan take na auna lokaci. Zuwa gida da dawowa a motar haya bai fi awa ɗaya da rabi ba. Kafin in dawo an canza taya. Ƙarfe ɗaya muna gidan matsa, har mu sha shayi.

Sai dai ba mu kaɗai ba ne a wurin. Direbobi uku da aka tsayar kafin mu suna tsaye jikin motocinsu, duk sun san Munji. Ɗan sandan ya gama rubutu ya miƙa masa takardar. Munji ya riƙe ta, idonsa yana yawo a kanta, ya daɗe. Wani Lutfi, wanda dama ba sa ga-maciji da shi, ya ɗaga murya yana dariya.

"Si Munji, ko a kawo maka tabarau? Ka juya ta, ƙila a kife ka riƙe!"

A nan ni ma na yi nawa kuskuren, ba zan ɓoye ba. Na miƙa hannu a gaban kowa na ce, "Kawo in karanta maka." Wallahi da na san abin da wannan magana za ta jawo, da na haɗiye ta.

Fuskar Munji ta canza. Ya fizge hannunsa, ya diro daga mota, ya hau dokin zuciya.

"Ni za ka koya wa mota? Ina kan hanyar nan kana cikin tsumman goyo! Wace taya? Wace fitila? Ba na sa hannu, ba kuma na karɓa!"

"Kawu, ka yi a hankali. In ba ka yarda ba, rubutawa za ka yi."

"Ga rubutuna!"

Ya yaga takardar gida huɗu, ya watsa wa ɗan sandan a ƙirji.

Saurayin ɗan sandan nan ya sunkuya ya tsince guntayen ɗaya bayan ɗaya, ya kira abokan aikinsa. Kafin rabin awa an tafi da Munji caji ofis, janwe kuma ya zo ya ɗaga gaban motarmu da buhunan a kai. Na bi ɗan sandan ina roƙonsa a bar ni in sauke zaitun.

Ya ce, "Malama, da ɗazu ne, da ni da kaina zan taya ki saukewa. Yanzu magana ta bar hannuna."

Ban yi kuka ba, ba ni da lokacinsa. Na ci ɗamara na ce zaitun nan ba zai ruɓe ina kallo ba. Na kira Si Ammar, ya ce zai riƙe mana inji har la'asar, fiye da haka mutanen layi za su cinye shi ɗanye. Na tari mota zuwa gida, na tarar da takardar inshorar kan firji, kwandon gurasa a kanta. Ummi ta tambaye ni ina ɗanta, na ce mata yana tafe. Na juya da gudu.

A caji ofis na nemi ganin sufeto. Ban ɗaga murya ba, ban kuma yi magiya ba. Na ce ina so a karanta mini abin da aka rubuta a kan motarmu, a ba ni kwafi. Na ajiye takardar inshorar a teburinsa, na nuna masa kwanan watan. Ya duba, ya buga waya ya tabbatar, ya ja layi a kan wannan laifin a gabana.

Ya ce, "Kin gani? Wannan ya faɗi. Taya da fitila tara ce kawai da gyara. Amma abin da yayanki ya yi wa ma'aikaci yana bakin aikinsa, wannan sai gaban alƙali. Gobe za a iya belinsa."

"Ranka ya daɗe, zaitun fa? Shi bai yi laifi ba."

"Bai yi ba, kuma kuna da damar ɗaukar kayanku. Sai dai garejin hukuma ba ya sakin ko tsinke sai da takardar shaida." Ya buɗe wani ambulan ya zazzage guntaye huɗu. "Ga taku nan. Sabuwa kuma wanda ya rubuta ta farko ne zai rubuta, ya tashi aiki, sai gobe."

Na fito ana kiran sallar la'asar. Layinmu ya tafi.

Ranar Juma'a tun ƙarfe bakwai ina kan bencin caji ofis. Sai sha ɗaya da rabi ɗan sandan ya shigo daga sintiri. Bai ja mini rai ba, ya rubuta sabuwa, na karanta ta layi-layi, na sa suka rubuta adadin buhunan a ciki. Na isa gareji sha biyu da kwata, na tarar mai buga hatimin sakin kaya ya kulle ofis ya tafi, wai sai Litinin. Na leƙa ta cikin waya na hango motarmu a tsakiyar rana, tamfol a ɗaure tam. Na roƙi mai gadi ko tamfol ɗin ya yaye mini su sha iska. Ya yi ta gunaguni, amma ya yaye.

Da yamma kawunmu ya yi belin Munji. Ya shigo gida bai dubi kowa ba. Na ce masa, "Gobe da safe za ka bi ni. Ba za ka ce uffan ba, buhu kawai za ka ɗauka." Karo na farko a rayuwarsa bai mayar mini da magana ba.

Ranar Asabar na rubuta takardar koke da hannuna, na bayyana cewa kaya ne masu lalacewa, na haɗa da takardar shaidar. Ofis uku muka shiga kafin muka sami jami'in da ke bakin aiki ranar hutu. Ya ce mu dawo Litinin. Na ja kujera na zauna, na ce, "Ranka ya daɗe, in ƙin yarda za ka yi, rubuta mini a ƙasan takardar nan cewa ka ƙi, da dalilinka, ka sa hannu. Ba na tashi sai da amsa a rubuce." Ya dube ni, ya dubi takardar, ya sake karantawa. Can sai ya ɗau waya ya kira mai hatimi daga gidansa. Gab da magariba muka kwashe buhunan zuwa motar wani maƙwabci, Munji yana ɗauka yana haki.

Si Ammar ya tausaya mana, ya cusa mu tsakanin layi biyu ranar Lahadi da safe. Ya farke bakin buhu ɗaya, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya zaro ya sansana. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana ware wasu dama, wasu hagu. Takwas da suke sama, waɗanda suka sha iska, su ne a dama.

Ya ce, "Waɗannan za su ba ku man ci. Ashirin da biyun nan kuwa, 'yata, zan matsa muku, amma sai dai ku sayar wa masu sabulu."

A gidanmu babba ne yake fara ɗanɗana sabon mai da gurasa mai zafi. Munji ya zuba na buhu takwas ɗin a faranti ya ajiye gaban Ummi. Ta ture shi gefe.

"Ba wannan ba. Ɗebo mini ɗayan."

"Ummi, wancan ba ya ciwuwa."

"Na ce ka ɗebo."

Ya ɗebo. Warinsa ma ya isa. Ta gutsuri gurasa ta dangwala, ta tauna, ta haɗiye. Sannan ta tsoma sauran gurasar gaba ɗaya ta miƙa masa.

"Ci, ɗana. Ni uwarka ko harafi ɗaya ban sani ba. Shekara saba'in ina cewa a karanta mini, ban ga abin da ya ragu a jikina ba. Cinye duka."

Ƙaton namiji mai 'ya'ya huɗu ya zauna a gaban uwarsa yana tauna gurasa da ruɓaɓɓen mai, hawaye yana sauka a gemunsa. Na tausaya masa har cikin raina, amma ban ce ya isa ba. Ya cinye duka.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Direba yana da haƙƙi idan an tsayar da shi: ya san laifin da ake tuhumarsa, ya karanta ko a karanta masa kafin ya sa hannu, ya rubuta abin da bai yarda da shi ba, ya karɓi shaidar duk abin da aka riƙe masa, ya kai kokensa gaba. Amma da natsuwa da naci ake karɓar haƙƙi, hayaniya zubar da shi take yi. Ka gyara motarka kafin wani ya nuna maka lalacewarta, ka ajiye takardunka a inda za a tambaye su. In kuma akwai abin da ba ka sani ba, ka tambaya, ko a gaban wa. Yayana ya guje wa kunyar minti ɗaya, ya jawo wa gida guda asarar shekara biyu.