Goran Dafi a Bayan Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

Kunama da Kububuwa suka yi ta tara dafi don tsoron juna, har 'ya'yan Kunkuru suka kasa fita neman abinci. Kunkuru ya kai musu gora, ya ce kowacce ta juye nata.

Kububuwa ta ce, "Ƙanwata, fara."

Kunama ta ce, "A gidanmu babba ke farawa, Yaya."

Kunkuru ya ce, "To ku zuba tare, ɗigo ɗaya kullum."

Suka yarda, suka yi ta zubawa. Sai Kura ta matso ta ce, "Malam, kawo in ajiye maka."

Kunkuru ya dubi haƙoranta, ya cusa goran ƙarƙashin ƙoƙon bayansa. Har yau a hankali yake tafiya, kada dafin ya zube wa kowa.

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya.